Ɓeran da Ya Iya Ɗaura Salatef

Da kuɗin adashinta uwargida ta sayo butar. Na fara da wannan ne don a san tun farko cewa ba ni da ko sisin kwabo a ciki, balle in ce ina da wani iko a kanta. Ranar da ta kwashi adashin ta wuce Sabon Gari ita da maƙwabciyarmu, sai bayan la'asar suka dawo, tana rungume da kwali kamar an ba ta riƙon jinjiri. Butar dafa ruwa ce ta lantarki, irin mai ƙyallin nan da ake ɗorawa a kan wani ɗan baƙin faifai, ruwa na tafasa ka ji ƙas, ta ɗauke wutarta da kanta.

Matata ba ta yar da kwali. A saman sif ɗinmu akwai kwalin fanka, da na dutsen guga, da na bilenda, har da na wata rediyo da ta daina magana tun kafin a yaye babban ɗanmu, kowanne da rasit ɗinsa a ciki. Wannan karon har da takardar garanti ta shekara guda, an buga hatimin shago, an sa kwanan wata. Ta naɗe ta a leda ta mayar cikin kwali. A daren ba a kawo wuta ba, don haka ko jona butar ba ta samu ta yi ba. Washegari da sassafe ta goya auta ta kama hanyar Gusau, ƙanwarta ta haihu, za ta yi kwana goma. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Malam, don Allah a kula min da butar nan. Yara kuma kada su yi wanka da ruwan sanyi."

Na lura buta ta riga yara shiga jerin, amma ban ce komai ba.

Tsakiyar hunturu ne, irin sanyin da ke sa magidanci ya tsaya gaban bokiti yana shawara da zuciyarsa. Gidan haya muke. Wanda ya yi wa gidan wayarin, in ya mutu Allah ya jiƙansa, in yana raye Allah ya shirye shi, soket ɗaya tak ya sa a kicin, shi ma can sama kusa da taga, kamar mai tsoron ambaliya. Kantar simintin da ake ɗora kaya kuwa ta ƙare tun kafin a kai ƙarƙashinsa. Na fito da buta, na ajiye faifan a ƙarshen kanta, na ja waya. Taƙi ɗaya da rabi. Na ƙara ja, ta ce ba inda za ta. Tsakanin fulogi da soket saura kusan taƙi biyu, suna ta kallon juna kamar saurayi da budurwar da aka zaunar da kawu a tsakaninsu.

Nan take na yi wa babban ɗana, ɗan shekara 12, lacca a kan rowar kamfanoni. Na ce masa ka ga mutanen nan, sun iya ƙera butar da ta san lokacin da ruwa ya tafasa, amma yadi ɗaya na waya ya gagare su. Ka lissafa, in sun rage taƙi biyu a kowace buta, suka yi buta miliyan, nawa suka ci a kanmu? Yaron ya saurara har na dire, sannan ya miƙo min wani ɗan littafi da ya faɗo daga cikin kwalin.

"Abba, ko a duba wannan?"

Na dube shi sama da ƙasa. Ni malamin makaranta ne, shekara 19 ina koyar da labarin ƙasa, kuma na ci kiredit a fiziks lokacin da kiredit ke kiredit. Na ce littafi na waɗanda ba su taɓa ganin buta ba ne, ya mayar inda ya ɗauko.

Kwana biyu na farko da dabara muka rayu. Na kifa turmi a ƙarƙashin taga, na ɗora kujera 'yar tsuguno a kansa, na ɗora babbar tukunya a kife, sannan buta a can ƙololuwa. Waya ta kai. Sai dai duk lokacin da ruwa ya fara tafasa, ginin gaba ɗaya rawa yake, ni kuma ina tsaye na ware hannu biyu kamar mai tsaron gida ana shirin buga fanareti. A rana ta uku na ga abin ba mai ɗorewa ba ne, na tsaya wurin wani mai tura baro a bakin titi na sayi istenshan. Ramuka shida gare ta, da jar fitila, har da wata 'yar allura mai nuna ƙarfin wuta. Da na ɗaga na ji kamar na ɗauki soso. Mai baro ya ce, "Orijinal ce, Alhaji, sabuwar fasaha ba ta nauyi." Da ya faɗi kuɗin sai na ji na yarda da fasahar.

Duk wanda ke zaune a garin nan ya san dokar: in an kawo wuta ba a tsayawa tambayar me za a fara jonawa. Ƙarfe uku da rabi na dare fitila ta haska, na diro daga gado. Buta ta shiga rami na farko, dutsen guga na biyu saboda yunifom ɗin yara, sai wayoyi biyu, sai tocilan, sai rediyona. Ramuka shida, kaya shida, na ce ai wanda ya ƙera ta ma haka ya nufa. Ina juye buta ta uku a bokiti wani wari ya fara tashi. Kafin in gama shinshine-shinshine, bayan istenshan ya lotsa kamar alewar da aka manta a aljihu, jar fitilar nan kuma tana ci abinta, allura tana nuna komai lafiya. Da cokali na ɓamɓaro fulogin butar.

Lissafin ba shi da wuya, sai dai ni bayan an gama ɓarna na yi shi. A jikin kwalin an rubuta wat 2,200. Wutar ƙasarmu, in ta zo da cikakkiyar lafiyarta, bolt 230 ce. Raba na farko da na biyu, buta kaɗai tana jan amp 9 da rabi. Dutsen gugarmu wat 1,200 ne, ya ƙara amp 5 da ɗoriya. Ga shi an doshi 15, alhali ko fulogi mai kyau iyakarsa 13, abin da masu wayarin ke kira tatin ams. Da na tsaga wayar istenshan ɗin don in ga abin da na saya, wasu 'yan siraran gashi na tarar, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ja daga waje, ka kankare ka ga fari: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe kamar amarya da lalle. Wani Bature, James Joule, ɗan gidan masu dafa giya a kusa da Manchesta, tun wajen 1840 ya gano cewa in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da wayar ke yi ninkawa yake huɗu. An koya mana wannan a aji biyar na sakandare. Na haddace, na zuba a takarda, na karɓi kiredit ɗina, na bar shi a ɗakin jarrabawa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa darasin da na ɗauka shi ne matsalar daga ɗan tsakiya take, a cire dillali kowa ya huta. In wayar buta ta isa soket da kanta, ina ruwana da istenshan?

Na je wurin mai sayar da ƙwan fitila na ce a yanko min waya yadi biyu. Ya tambaye ni ta me, na ce ta aiki. Ya nuna min mai kauri ya faɗi kuɗi, ya nuna min siririya ya faɗi kuɗi, na ce ai wuta ba ta san kauri ba. Na haɗa da baƙin salatef guda. Da daddare na shimfiɗa buhu a tsakar kicin, babban ɗana yana haska min da waya, ƙannensa biyu sun tsuguna suna kallo kamar an zo yankan rago. Na ɗauko almakashin uwargida, wanda ta hana kowa yanka ko takarda da shi, na yi bisimilla na datse wayar butar a tsakiya. Da reza na feɗe ta. Sai ga 'ya'ya uku a ciki: ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya shuɗiya, ɗaya kuma kore da ruwan ɗorawa a cakuɗe. Na duba tawa. Biyu ne.

"Abba, ta ukun fa?"

"Safaya ce," na ce, "kamar tayar bayan mota. In ɗaya ta lalace ake amfani da ita."

Na lanƙwasa ta baya na rufe da salatef. Allah ya yafe min wannan fatawa. Ita ce wayar da ake kira at, wadda in wuta ta zurare ta shiga jikin ƙarfen buta, take kwashe ta zuwa ƙasa maimakon ta bi ta hannun mai ɗaukar butar. Ita ce ke haɗe da doguwar ƙafar nan ta sama a fulogi mai ƙafa uku. Shi kansa fulogin gado ne daga Ingila. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu suka kafa kwamiti a kan yadda za a yi wayarin ɗin gidajen da za a gina bayan yaƙi, mace ɗaya tak a cikinsa, injiniya Caroline Haslett, kuma a 1947 aka fito da wannan tsari. Aka tsawaita ƙafar sama don ta riga sauran shiga, ita ce kuma ke buɗe 'yan ƙyauren da ke toshe ramuka biyu na ƙasa, don kada yaro ya zura ƙusa. Aka sa fis a cikin kowane fulogi. Mutane sun zauna sun yi shekaru suna tunani. Mu kuma muka zo da murfin biro da tsinken ashana, muna danne ƙyauren muna cusa fulogi mai ƙafa biyu, wani lokaci ma tsirarar waya. Ban isa in zagi kowa ba, da murfin jan biron da nake makin jarrabawa nake yin nawa.

Na murɗa gashi da gashi a wuri biyu, ɗaya ta wajen faifai, ɗaya ta wajen fulogi, na yi ta naɗa salatef har ya ƙare. Da na ɗaga aikin sama sai ya yi kama da macijin da ya haɗiyi ƙwai biyu. Aka kawo wuta wajen ƙarfe huɗu. Na jona, na ja da baya taku uku, na danna da muciya. Fitilar buta ta kama. Ruwa ya fara kuka. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Shayin da na sha a asubahin nan, ban taɓa shan mai daɗinsa ba, kuma da yamma sai da na ba 'yan majalisarmu labari, har wani ya ce zai kawo min fankarsa.

Kwana biyu bayan haka na shigo kicin na tarar da ɗana ɗan shekara huɗu ya kama wayar, wadda yanzu ta yi tsawo har tana reto ƙasa da kanta, yana ja yana cewa ragonsa ya ƙi tafiya. Buta ta riga ta zo gaɓar kanta, saitin kansa. Babu ruwa a ciki. Na daɗe a tsaye riƙe da ita, gwiwoyina suna kaɗawa, don rabin sa'a kafin nan cike take da tafasasshen ruwa. Ashe gajartar da na yi wa lacca ba rowa ba ce. Da gangan ake gajarta wayar buta da ta tukunyar suya, don kada ta yi reto yaro ya kama, ko babba ya harɗe da ita. A Amurka ma tukwanen suya na lantarki da maganaɗisu ake maƙala musu waya, da an fizga sai ta cire ta bar tukunyar a wurinta. A ranar dai rabin wannan na fahimta. Abin da na gane shi ne ana bukatar ƙusa. Na buga 'yar inci uku a bangon mai gida, na lanƙwasa ta a kan wayar.

A dare na takwas buta ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Na zare ɗan murfin da ke cikin fulogi, na ga fis ya ƙone. Yanzu na san abin da ya faru: salatef ya fara saki saboda zafi, gashin wannan waya ya leƙa ya gaisa da na waccan, fis ya yi abin da aka ajiye shi ya yi. Maigadi ne ya yi ihun ɓarawo. Ni kuma na sallami maigadin saboda ya hana ni barci. Na yago farar takardar alminiyam ɗin nan da ke rufe bakin gwangwanin madara, na naɗe mataccen fis ɗin da ita, na mayar. Buta ta ci gaba da aiki. Na ƙara jin cewa da an bar ni na karanci injiniya da ƙasar nan ba haka take ba.

Uwargida ta dawo ranar da ta ce, amma ba ita kaɗai ba. Da Hajiya ta zo, mahaifiyarta, za a duba mata ido a asibiti. Kafin su sauke kaya na ja kwandon albasa da manyan filas biyu na jera a gaban macijina.

Da asuba aka kawo wuta. Na dawo daga masallaci na tarar uwargida tana kan buta ta huɗu, ana haɗa wa Hajiya ruwan wanka. Na shiga falo na tsuguna daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, muna gaisawa. An kwana lafiya, ya gajiyar hanya, ya mai jego, ya sanyi. Hajiya ta ɗan yi shiru, ta ɗaga hanci.

"Malam, a unguwar nan kuna da masu babbakar kai da ƙafa ne?"

Ban kai ga amsawa ba muka ji tas! kamar an fasa ƙwan fitila a cikin tukunya. Gidan ya yi baƙi ƙirin. Daga kicin salati ke tashi, daga ɗaya sashen kuma maƙwabcina, wanda muke mitar wuta ɗaya da shi, yana tambayar wa ya jona injin walda.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Albasa uku ne suka gasu. Uwargida ta fito da tocilan a hannu ɗaya, a ɗaya hannun tana riƙe da abin ta wutsiya, ya yi baƙi, ƙwai ɗaya ya fashe yana hayaƙi. Ta tsaya a gaban mahaifiyarta ta tambaye ni cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Malam, mene ne wannan?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe da kansa.

"Ɓera ne. Ɓera ya ci wayar, shi ne na ɗan ɗaure."

Babban ɗana ya buɗe baki, na yi masa kallon da ya tuna masa kuɗin makarantarsa, ya rufe. Hajiya ta ce, "Allah ya tsare gaba. Ɓerayen birni sai addu'a." Uwargida ba ta ƙara ko kalma ba. Ta taka kujera ta sauko da kwali, ta zaro ledar nan, ta ce ai abin ya zo da sauƙi, ko sati biyu ba a yi ba, akwai garanti, in na taso daga makaranta sai in biya in karɓo sabuwa.

A cikin adaidaita sahu na fara karanta takardar garantin, karon farko a rayuwata da na karanta irinta. Layi biyu ne suka faɗi abin da kamfani zai yi maka. Sauran shafin duk abin da ba zai yi ba ne, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ba ruwansu in ta faɗi. Ba ruwansu in wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta. Ba ruwansu in wani wanda ba nasu ba ya buɗe, ko ya gyara, ko ya canza wani abu a jikinta. Can ƙasa kuma, ba ruwansu da ɓarnar ƙwari ko ɓeraye. Na karanta layin sau biyu. Wato ko ƙaryar da na shirya ba ta cikin garanti.

Na koma waya ina neman mafita. Kafin mu kai Sabon Gari na samo makami. Ashe a Amurka akwai wata doka ta 1975 da ta hana kamfani ɗaure garantinsa da sharaɗin sai a wurinsa za ka yi gyara ko sai kayansa za ka saka, har a 2018 hukumar kasuwancinsu ta rubuta wa manyan kamfanoni shida tana jan kunnensu a kan irin 'yan takardun nan da ake mannawa a ce in ka ɓare garanti ya tashi. Mu ma nan muna da dokar kare mai saye ta 2018 da hukumarta, wadda ta ba mutum damar mayar da kayan da ya zo da aibi. Na sauka ina jin kaina kamar lauya.

Mai shagon dattijo ne, yana zaune da carbi a hannu ɗaya, kalkuleta a gabansa. Yaronsa, wanda bai fi shekara 18 ba, shi ya karɓi kwalin. Na yi sallama, na yi barka da kasuwa, na ce iyali ne suka sayi buta a nan, ga shi ta ba da matsala. Yaron ya zaro faifan, wayar ta biyo baya tana jan jiki. Ya ɗaga ta sama.

"Yallabai, me ya same ta?"

Tunda na riga na faɗa a gaban suruka, ban ga yadda zan canza a gaban yaro ba. Na ce ɓera.

Ya warware ƙwan da bai fashe ba a hankali, ya duba bakin yankan, sumul kamar an yanka da awo.

"Ɓeran nan da almakashi ya zo." Ya ci gaba da warwarewa. "Ya kuma iya ɗaura salatef." Sannan ya sa farce ya ɓalle murfin fis, ya zaro 'yar takardar alminiyam, ya buɗe ta, ga rabin sunan kamfanin a jiki. Ya juya wurin ubangidansa. "Alhaji, har madara yake sha."

Masu shagon kusa sun fara matsowa. Na ga in ban yi wani abu ba mutuncina zai ƙare a layin 'yan kayan wuta, sai na zaro makamina. Na gyara murya irin ta gaban aji na kawo dokar 1975, na kawo kamfanoni shida, na kawo hukumar Abuja. Alhaji ya saurare ni har na gama, bai daina jan carbi ba.

"Malam, a Amurka ka saya?"

Na ce a'a.

"To ko a can ne, ban jin akwai dokar da ta ce ka yanka da hannunka su biya. Ka ga, in buta ta zo da aibi daga kamfani, ba sai ka kira min hukuma ba, zan canza maka, ni ma mayarwa zan yi wurin dilan da ya ba ni. Su kuma kafin su duba komai, waya suke fara dubawa, sai sukurori, su ga ko an taɓa. Ko da kanta wayar ta lalace, cewa suka yi a kawo mai gyaransu ya canza, yana cikin littafin. Wannan aibin kuwa ba daga kamfani ya zo ba. Daga gidanku ya zo."

Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama. Gaskiya ya faɗa, kuma bai ɗaga murya ba.

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Sai yaron nan, wanda na tabbata Allah ya aiko shi ne musamman domina, ya ce, "Amma Yallabai, me ya sa ɓeran ya ƙara wayar?"

Na ce gajera ce, taƙi ɗaya da rabi, ba ta kai soket.

Ya dube ni. Ya dubi Alhaji. Sannan ya kifa faifan.

A ƙarƙashinsa akwai wani zagayayyen lungu, a ciki kuma waya ce a nannaɗe, sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa ba. Ya sa yatsa ya ɓalle ta daga maƙalinta, ya warware zagaye ɗaya, ya warware na biyu. Ya ɗauko tef ɗin awo, ya haɗa da guntun da na yanke, ya ce, "Santimita 75 ce." Ya buɗe ɗan littafin da na hana ɗana karantawa, shafi na huɗu, ga hoton faifan a kife, ga kibiya tana nuna yadda ake warwarewa. Ko Turanci ba a bukata. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin in gaya musu kogin Kwara ya haura kilomita 4,000 daga tsaunukan Gini zuwa teku, kwana goma sha biyu ina zaune da waya ban san tsawonta ba. Inda zan kai ta bai fi santimita 70 ba.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Wani daga cikin 'yan kallo ma cewa ya yi, "Allah sarki."

Yaron ya datse duk inda hannuna ya taɓa, ya ɗauko sabon fulogi mai fis 13, ya zaunar da kowace waya a ɗakinta: ruwan ƙasa dama wajen fis, shuɗiya hagu, safayata kuma can sama a kujerar girma. Ya ɗaure sukurori, ya zuba ruwan leda biyu, ya jona a injin shago. Buta ta tafasa, ta ce ƙas. Lafiyarta ƙalau, ita ba ta ma san an yi wani abu ba. Alhaji ya jawo takardar garantin ya ja mata layi da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta "an taɓa waya", ya sa hannu. Na biya kuɗin fulogi. Da zan fita na rage murya na ce, Alhaji, in iyali sun zo sayayya, wannan magana ta tsaya a nan.

"Haba Malam," ya ce. "Mu ba ma shiga tsakanin mutum da ɓeransa."

Na iso gida da ɗan ƙwarin gwiwa, don ko ba komai na zo da sabon ilmi. Na tara iyali a kicin, na kifa faifai, na nuna musu lungun kamar ni na gano shi. Na ajiye a ƙarshen kanta, na ja waya zuwa soket. Ta tsaya. Na matsa da faifan har rabinsa yana leƙen ƙasa. Ta tsaya. Saura faɗin tafin hannu, daidai abin da almakashi da wuta suka ci. Yanzu kam gajera ce da gaske, kuma babu wani kamfani da zan yi wa lacca.

Sai da na je na yi wa mai gida bayani ya yarda a ƙara soket, bayan ya zo da kansa ya ga ƙusata da baƙin tabon da ke bango ya ce fenti a kaina. Mai gyaran wutar unguwarmu, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ja waya mai kauri, 'yar 2.5, a cikin farar kwasfa, ya kafa soket a saitin kanta. Ko minti arba'in bai yi ba. Da na haɗa kuɗinsa da na fenti, da istenshan, da waya, da fulogi, da adaidaita, da sabon almakashi, don ashe na yi wa wancan giɓi kuma tun daren da ta dawo ta gani, sai na ga saura kaɗan in sayi wata butar.

A wata na tara buta ta daina kashe wutarta. Ruwa zai yi ta tafasa har kicin ya koma kamar ɗakin sirace, sai an zo an ɗaga ta. Injiniya ya duba ya ce ɗan makunnin da tururi ke bugawa ne ya mutu, ba ruwan waya, irin abin da ake canza wa mutum kyauta ne in da garanti. Saura wata uku cif. Uwargida ta taka kujera, ta sauko da kwali, ta zaro takardar mai jan layi, ta shimfiɗa ta a kan tire kusa da kwanon tuwona, ta koma kicin.

Hajiya kuwa an yi mata aikin ido lafiya, ta koma Gusau. Duk Juma'a suna waya da 'yarta, kuma ba ta taɓa mantawa ba. Ina daga gefe nake jiyo muryarta: "Ya ɓeran nan naku, an kama shi kuwa?"

"Yana nan, Hajiya," in ji uwargida. "Ga shi ma zai gaishe ki."

Sai ta miƙo min wayar.